Guraben horon bincike a fannin kwamfutar kwantum

Assalamu alaikum ƴan uwa, musamman ƙannenmu masu karatun fiziks, lissafi ko kwamfuta a jami'o'in da ke Akoka da Ojo a Legas.

Ku sa ido kan horon bincike na bazarar Turawa, daidai lokacin da damina ke kankama a nan Legas. Cibiyar kwantum ta Jami'ar Waterloo a Kanada tana ɗaukar ɗaliban digirin farko a shirinta na USEQIP, mako biyu ana koyo a ɗakin gwaji, wasu kuma su zarce da bincike a ƙarƙashin malami. Tun da hunturu ake rufe karɓar takardu, don haka a nemi sakamakon jarrabawa da wasiƙar shaidar malami da wuri. Fasfo da biza ma suna cin lokaci.

Kada sunan ya tsorata ku. Kwamfutarmu ta yau da kullum 0 ko 1 take riƙewa, kiyubit kuwa, wato ƙwayar bayanin da kwamfutar kwantum ke aiki da ita, yana iya zama a haɗin biyun har sai an auna shi. Wanda ya iya aljebra da yaren kwamfuta na Python ya fara da Qiskit na IBM, wato kayan rubuta manhajar kwamfutar kwantum, kyauta ne.

Mai sha'awa ya yi magana a nan, mu haɗu a Agege ranar Asabar bayan La'asar, in taya ku duba takardunku.