Wasiƙar Sallah daga Pune: Maganar Auta da Aikin Sojan Ruwa

Pune, Indiya
Ranar Ƙaramar Sallah

Zuwa ga Baba da Umma,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, barkanmu da shan ruwa, barkanmu da Sallah. Allah Ya karɓi ibadunmu, Ya nuna mana ta baɗi da rai da lafiya. Ina gaida Kaka da jiki, da Goggo, da Yaya da mai ɗakinsa da yara, da duk mutanen layinmu na Tudun Wada.

Mu nan sai yau muka sauko idi, domin sai daren jiya aka ga wata. Jiya da na kira Yaya ina jin algaita da kalangu ta cikin wayarsa, ni kuwa bakina da azumi. Yau maƙwabta sun aiko mana da abin da suke kira sheer khurma, wata siririyar taliya ce da ake dafawa da madara da dabino. Da daɗinta, amma Umma, ba ta kama ƙafar tuwon shinkafa da miyar taushenki ba.

Baba, Umma ta faɗa mini Auta ya ƙwallafa rai a kan makarantar horar da hafsoshi ta Kaduna, yana son sojan ruwa, kuma a cikin sojan ruwan ma tuƙin jirgin sama yake so. Ta ce kun ce ba ku ga abin da zai kai ɗan Zariya teku ba, yaron da ruwan da ya sani bai wuce Kubanni ba. Ban so mu yi maganar a waya ba, kada ta zama kamar ina ja-in-ja da ku. Na ga gara in rubuto, ku karanta a tsanake bayan baƙi sun watse.

A hutun da ya wuce mun je Goa da abokan karatu, muka shiga gidan tarihin jiragen saman sojan ruwan Indiya da ke Bogmalo, wanda aka buɗe a 1998. Tun daga nan nake bibiyar labarin wani tsohon hafsa da ke zaune a Goa ɗin, Admiral Arun Prakash. An haife shi a 1944, ya tashi a kwarin Kashmir, ƙasar duwatsu da ƙanƙara, inda teku ta fi nisa da shi fiye da yadda Legas ta yi wa Zariya. A nan gefen Pune ya yi makarantar soja, a Khadakwasla, kuma Pune ma ba a bakin teku take ba. Har yau a tafkin madatsar ruwa ake fara koya wa ɗaliban sojan ruwa tuƙa kwalekwale. Ya zama ƙaramin hafsa a Janairun 1966, zuwa 1968 yana tashi da jirgin yaƙi samfurin Sea Hawk daga kan Vikrant, jirgin ruwansu na farko mai ɗaukar jiragen sama.

Bari in ɗan tsaya a nan, don wannan ne abin da ke ɗaukar hankalin yara irin Auta. Titin saukar jirgi na filin Malam Aminu Kano ya haura kilomita 3. Vikrant kuwa, daga goshi har wutsiya, mita 200 ne da 'yan kai. Babu wurin da jirgi zai yi gudu ya ɗauki iska, saboda haka sai a maƙala shi a wata na'ura mai aiki da tururi, ta cilla shi sama kamar yadda yaro ke sakin dutse daga danƙo. Saukar ta fi tashin wuya. A ƙarƙashin wutsiyar jirgin akwai ƙugiya, a kan dandamalin kuma an shimfiɗa igiyoyin ƙarfe. Dole matuƙi ya sauko daidai yadda ƙugiyar za ta cafki ɗaya daga cikinsu ta tsayar da shi cak. In ya kuskure, sai ya ƙara wuta nan take ya sake tashi ya zagayo, in ba haka ba ya faɗa ruwa. Duk wannan a kan abin da ke tafiya, igiyar ruwa na ɗaga shi tana saukewa, wani lokacin ma cikin dare. Na tsaya gaban Sea Hawk ɗin da ke gidan tarihin, na leƙa mazaunin matuƙi, ɗan ƙuƙut, da ƙyar ƙato zai shiga. Gani ya kori ji.

A yaƙin Indiya da Pakistan na Disambar 1971 an ba da aronsa ga sojan sama, yana tuƙa jirgin Hunter. A wani hari da suka kai filin jirgin Chaklala, kusa da Rawalpindi, ya lalata wani ƙaramin jirgi da ke ajiye a ƙasa. Ashe na Chuck Yeager ne, Ba'amurken da ya fara yin gudun da ya wuce saurin sauti a 1947, wanda a lokacin yake wakilcin sojan Amurka a Pakistan. Bayan yaƙin an ba shi lambar jarumta ta Vir Chakra. Na san abin da Baba zai ce, cewa ai ƙasar Musulmi ya kai wa hari. Haka ne, kuma ni ban kawo wannan don in yaba yaƙi ba. Amma rikicin ya samo asali ne daga Gabashin Pakistan, wadda ta ɓalle ta zama Bangaladash, kuma da yawa daga cikin waɗanda aka kashe a can su ma Musulmi ne. Yaƙi ne da ba shi da daɗin ji ta kowace fuska.

Daga nan ya yi kwas ɗin gwajin jirage a 1976. A 1979 ya je kwalejin hafsoshi ta Wellington a kudancin Indiya, wadda marigayi Janar Buhari ya halarta a 1973. A Disambar 1983 shi ya jagoranci ɗauko jiragen Sea Harrier uku na farko daga Ingila zuwa Goa, suna yada zango a hanya suna shan mai. Shi wannan jirgin bututun injinsa na juyawa ƙasa, sai ya tsaya cak a sama ya sauko a miƙe, ba ruwansa da ƙugiya.

To Auta, daga nan maganar taka ce, ka buɗe kunne. Da a ce mutumin nan ya tsaya a tuƙin jirgin sama kaɗai, da yanzu babu wanda ya san sunansa sai abokan aikinsa. Sojan ruwa ba ya ɗora mutum a kan kujerar ƙoli don ya iya juyi a sararin sama. Sai da ya fita daga mazaunin matuƙi ya koyi jan ragamar jirgin ruwa da mutanen da ke cikinsa. Ya riƙe ƙaramin jirgi mai harba makamai masu linzami, Chatak. Ya riƙe Beas, ya riƙe Vindhyagiri. Ya shugabanci sansanin jiragen sama na Hansa a Goa. Sai a 1990 aka damƙa masa Viraat, babban jirgin da Indiya ta saya daga Ingila, wanda ya yi yaƙin Falklands a 1982 da sunan Hermes. Kyaftin ɗin irin wannan jirgi tunaninsa yana kan abincin mutum fiye da dubu, da ruwan shansu, da mai, da injin da ya tsufa, da ƙaramin soja da matarsa ta haihu yana neman izinin tafiya gida. Tsakanin waɗannan muƙamai kuma akwai shekarun zaman ofis a Delhi, ana fama da takardu da kasafin kuɗi, aikin da ba a ɗaukar hotonsa a saka a Facebook.

A ƙarshen shekarun 1990 ya dawo nan Khadakwasla a matsayin shugaban makarantar da ta yaye shi. A 2001 aka kafa runduna ta haɗin gwiwa a tsibiran Andaman da Nikoba, sojan ƙasa da na ruwa da na sama ƙarƙashin kwamanda ɗaya, irinta ta farko a Indiya, shi aka fara ba. A ƙarshen Yulin 2004 ya zama babban hafsan sojan ruwa. Ka lissafa da kanka, daga 1966 zuwa 2004 shekara 38 ke nan.

Abin da ya fi burge ni shi ne ayyukan da suka same shi a kan kujerar ba na harbi ba ne. Bai cika wata biyar ba aka yi ambaliyar tsunami ta 26 ga Disambar 2004. Gaɓar Indiya kanta ta sha kashi, tsibiran Andaman da ya taɓa riƙewa sun yi kaca-kaca, amma duk da haka jiragensa suka kai agaji Siri Lanka da Maldibis da Indunisiya. A Yulin 2006 kuma, lokacin da Isra'ila ke ruwan bama-bamai a Labanan, jiragen ruwan Indiya suka kwaso mutum fiye da 2,000 daga Beirut, har da 'yan Siri Lanka da Nepal. A Oktoban wannan shekarar ya yi ritaya. Yanzu rubutu yake yi a jaridu.

Baba, maganar rashin teku kuwa, ko a gida an riga an amsa ta. Murtala Nyako daga Adamawa ya riƙe rundunar sojan ruwan Najeriya daga 1990 zuwa 1992. Awwal Zubairu Gambo, Bakano, ya riƙe ta daga 2021 zuwa 2023. Makarantar Kadunan da Auta ke nema ma, da aka kafa ta a 1964 hafsoshin Indiya ne suka taimaka wajen tsayar da ita, shugabanta na farko Birgediya M.R. Varma ne, Ba'indiye. Yaron da ya tashi yana ɗaga kai duk sanda ƙananan jiragen makarantar koyon tuƙin jirgin sama ta Palladan suka gifta ta kan gidanmu, ba abin mamaki ba ne zuciyarsa ta tafi can.

Umma, na san ke ba nisan teku ne damuwarki ba. Ba zan ce miki babu haɗari ba. A cikin gidan tarihin nan akwai allon dutse da aka zana sunayen matuƙan da suka rasu a bakin aiki, kuma da yawansu ba a yaƙi suka rasu ba, a wurin atisaye ne. Na karanta sunayen ina tuna Auta. Duk da haka ra'ayina shi ne a bar shi ya gwada, da albarkarku a bayansa. Yaron da aka hana abin da ransa ke so a wannan shekarun, sau da yawa jikinsa ne kawai ke zuwa ajin da aka tura shi. Amma hukunci naku ne, abin da kuka yanke shi za mu bi.

Kai kuma Auta, ka san abin da kake nema. Najeriya ba ta da jirgin ruwa mai ɗaukar jiragen yaƙi. Matuƙan sojan ruwanmu jirage masu saukar ungulu suke tuƙawa, sansaninsu na Ojo a Legas, aikinsu sintiri ne a kan 'yan fashin teku da ɓarayin ɗanyen mai. In jirgin yaƙi mai gudun tsiya kake mafarki, to sojan sama za ka cike tun yanzu. Kuma ko an ɗauke ka, ba kai za ka zaɓi zama matuƙi ba, su za su zaɓa, bayan sun duba idonka da lafiyarka da sakamakonka. Lissafin nan da kake gudu, shi za ka runguma, da Fiziks. Ka nemi wurin koyon iyo na gaskiya mai malami, kada in ji an ce an gan ka a Galma. Ka rage kallon waya cikin duhu. Sannan ka je da kanka ka durƙusa gaban Baba ka yi masa bayani, ka daina aiko Umma.

Na turo ɗan abin barka da Sallah ta asusun Yaya. A cire na Kaka da na Goggo tukuna, a raba wa yara, abin da ya rage a ajiye wa Auta kuɗin fom da na mota zuwa Kaduna in Baba ya amince. In bai amince ba, a saya wa Umma buhun shinkafa da shi. In an samu mai zuwa asibiti a nan ƙasar, don Allah a haɗo ni da yaji da kuka da daddawa, a naɗe daddawar da kyau saboda masu duba kaya. Karatu na tafiya, malamina ya karɓi babi na uku, a ci gaba da sa ni a addu'a.

Wassalam,
Ɗanku da ke Pune