Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate: A Binciki Klofazimin A Gida

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum.

Ƙanwata ta yi wata tara tana shan maganin tarin fuka mai bijire wa magani. A cikin ƙwayoyin akwai wata tsohuwa, klofazimin. A kanta nake magana.

A Dublin, babban birnin ƙasar Ireland, aka haɗa ta a 1954 don tarin fuka, sai gwaji a kan dabbobi ya sanyaya gwiwar masana, aka ajiye ta. A ƙasarmu ta fara nuna amfaninta: Dakta Stanley Browne ya gwada ta a kan masu kuturta a Uzuakoli, jihar Abiya ta yau, ya bayyana sakamakon a 1962. Bayan shekaru, likitoci a Bangaladash suka mayar da ita ga tarin fuka cikin haɗin magunguna na wata tara, maimakon kusan shekara biyu. Maƙwabtanmu na Nijar suka gwada irin haɗin tun 2008: cikin marasa lafiya 65, mutum 58 suka warke. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da gajeren haɗin.

To amma, ranka ya daɗe, ƙwayar tana rina fata. Fuskar ƙanwata ta yi duhu, jikinta ya bushe kamar a tsakiyar hunturu. Wasu suka ce sammu ne, wasu suka ce kuturta ce take ɓoyewa, tunda an ji sunan maganin. Ta daina zuwa biki da suna. Sau biyu na tsinci ƙwayar ƙarƙashin tabarma. Ba wanda ya gaya mana tun farko cewa launin zai gushe sannu a hankali bayan an gama, da ba mu sha wannan fargabar ba. Alhamdu lillahi, ta warke.

Roƙona shi ne a ware kuɗi, masananmu su binciki wannan a kan mutanenmu: mutum nawa ke daina sha saboda launin fata, wane adadi ne ya dace da ramammen jiki, kuma yaya ƙwayar ke shafar bugun zuciya idan an haɗa ta da bedakwilin, wani maganin tarin fukan. Cibiyar koyar da aikin tarin fuka da kuturta ta Saye, a Zariya, ta san cututtukan biyu, a fara da ita. Kafin nan, a sa duk wanda zai miƙa maganin ya yi wa mara lafiya da danginsa bayani da harshen da suke ji.

Allah ya yi maka jagora.

Naka,
Wani ɗan ƙasa daga Kano