Zuwa ga ɗana, a kan cikin iyalinka

Assalamu alaikum, ɗana.

Labarin juna biyun iyalinka ya iso ni, Allah ya raba lafiya. Ba kai za ka durƙusa ba, amma rabin wannan magana a wuyanka take.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2023 mata kimanin 260,000 suka rasu sanadin ciki da haihuwa, kusan mace ɗaya duk minti biyu. Fiye da kashi 90 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ne, kusan kashi 70 kuwa a Afirka kudu da Sahara. Abin takaicin, cututtukan nan an san maganinsu tuntuni. Jinkiri ne ke cinye matan: a gida a tsaya shawara, a hanya a rasa mota, a asibiti a yi ta jiran jini. Na farkon nan, sau da yawa maigida ne.

Don haka tun yau ka gaya mata, a gaban wanda zai shaida, cewa in ta ga abin da bai yi mata ba ta tafi asibiti, ko kana nan ko ba ka nan. Kada ta zauna jiran wayarka ta shiga.

Awo kuma ba a wasa da shi. Tun 2016 hukumar ta ce a je aƙalla sau takwas. A can ake gane hawan jini, wanda ke shigowa shiru. In ta ce kanta na sara, idonta na ganin dishi-dishi, ko ka ga fuska da hannuwa sun kumbura har zobe ya ƙi fita, kada ka ce laulayi ne. Jijjiga ke tafe, kuma allurar magnesium sulphate da ke tare ta tana asibiti.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne zubar jini bayan haihuwa. An sauka, jariri ya yi kuka, kowa ya koma kansa ana barka, ita kuwa tana kwance zani na jiƙewa, jikinta na sanyi. Mace mai ƙoshin lafiya na iya tafiya cikin awa biyu. Shi ya sa nake so ta haihu a hannun ƙwararriyar ungozoma, wadda za ta yi mata allurar oxytocin mai hana zubar jini da zarar ɗa ya faɗo, ta duba mabiyiya ta fita duka. Naƙuda ma in ta wuce awa 12, ba jarumta ba ce a ci gaba da haƙuri. Ta nan yoyon fitsari ke samun mata.

Na san za a ce maka kwana in ya ƙare, ya ƙare. Gaskiya ne, amma an umarce mu da neman magani. Ka ware kuɗi gefe, ka san direban da zai tashi ko da tsakar dare, ka san rukunin jininta da mutum biyu da za su bayar. Zazzaɓi lokacin jego ma kada ku kwana da shi.

Ka gaishe ta, ka ce ta turo mini ranar awonta na gaba.

Mahaifiyarka