Godiya ga ma'aikatan Arewa House, Kaduna

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri ga Darakta da dukan ma'aikata, musamman malaman da ke kula da tsofaffin rubuce-rubucen hannu.

Na ga ya dace in yi wannan godiya a bainar jama'a, domin gidaje irin namu suna da yawa: gafaka rataye a ɗakin tsohuwa, kowa na girmama ta, ba mai iya karanta abin da ke ciki.

A gidanmu an daɗe ana ja-in-ja a kan kakan kakanmu. Zuriyar uwargida sun ce alƙali ne, malami, bai taɓa ciniki ba. Zuriyar amarya sun ce falke ne, duga-dugansa sun tsage a hanyar Gwanja, inda fatake ke zuwa sayen goro a ƙasar Ghana ta yau. Garinmu ƙarami ne a kudancin Kano, kusa da Bebeji, kuma duk biki ko suna sai an tayar da zancen. Da na gaji, na roƙi Baffa ya ba ni gafakar. Ya ce sai dai mu tafi tare, ƙafarsa ƙafar takardun.

Haka muka iso gidan Sardauna da ke titin Rabah, wanda Farfesa Abdullahi Smith ya mai da shi cibiyar binciken tarihi a 1970. Na zaci za a ce mu dawo gobe. Sai ga shi an ba Baffa kujera, an kawo ruwa, malamin ya wanke hannu ya goge kafin ya taɓa takarda ko ɗaya. Ya ɗaga ta farko ya saita hasken taga, ya ce mu leƙa. Jinjirin wata uku ne a jere cikin jikin takardar. Ya ce irin wannan daga Italiya take zuwa, ta biyo Tarabulus ta ƙetaro Sahara a bayan raƙuma. Shekara saba'in Baffa na ganin takardun nan, bai taɓa ganin watannin ba.

Rabin farko lissafin fatauci ne. Kanwa da turkuɗin Kura a tafi, goro a dawo. Wane ya karɓi ƙwarya kaza, kowace ƙwarya goro 100. Wane ana binsa keso biyu, malamin ya tuna mana keso ɗaya wuri 20,000 ne. Zangunan ma suna nan a gefen shafi: Yawuri inda ake ƙetare Kwara, Nikki, Zugu, Yandi, har Salaga, babbar kasuwar Gwanja. A wani wuri kakan namu ya rubuta jakuna uku da suka mutu a hanya, da sunan madugun da ya ranta masa kuɗin fito.

Daga nan lissafin ya tsaya. Hannun bai canja ba, tawadar ma iri ɗaya ce, amma abin da ake rubutawa ya koma hukunci: rigimar kan iyakar gona, sadakin da ba a cika ba, bashin da aka yi musu, rantsuwa da shaidu. An ambaci zamanin Sarkin Kano Bello, wanda ya rasu a 1893 aka shiga basasar Tukur da Yusufawa. Shekara guda kafin nan yaƙi ya watsa kasuwar Salaga, fatake suka bazu zuwa Kete-Krachi da Kintampo, duk a Ghana ta yau. Nan da nan na ce to ga dalilin da ya sa ya ajiye sanda ya ɗauki alƙalami. Malamin ya yi murmushi ya ce, "Alhaji, takarda ba ta faɗi haka ba. Mu tsaya inda ta tsaya." Na ji kunya kaɗan, kuma gaskiyarsa.

Abin da ya fi sa ni rubuta wannan wasiƙa shi ne shafin rabon gadon kakan namu. Littattafai, riguna, jakuna, gona biyu, sannan sunayen mutum biyu da ƙimarsu da wuri. Bayi. Malamin bai tsallake layin ba, bai kuma rage murya ba. Ya yi mana bayani a natse cewa dokar Gwamna Lugga ta 'yanta duk wanda aka haifa daga Afrilun 1901, bautar kanta kuwa sai 1936 aka soke ta gaba ɗaya a Arewa. Baffa ya yi shiru mai tsawo. Ɗaya daga cikin sunayen, sunan kakar mutanen gidan da ke jingine da katangarmu ne, waɗanda muka tashi muna ce musu dangi. Da wani ne, da ya rufe mana wannan don ya faranta mana rai, mu tafi da rabin labari.

Kafin mu fito suka ɗauki hoton kowane shafi suka ba mu, suka hana mu manna salatif a inda gara ta ci, suka kuma hana mu kai wa masu liƙe takarda cikin leda da zafi, abin da na riga na yi niyya. Allah ya kiyaye.

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara wa wannan gida albarka. Baffa ya ce in gaya muku akwai wani tsohon adaka a ɗakin marigayiya Goggo, za mu kawo shi bayan Sallah.

Naku,
ɗaya daga jikokin gidan alƙali, daga ƙasar Kano.