Wutar da ke hawa da sauka na ƙona mana kaya

Malam Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan wutar nefa, ni sana'ata gyaran firji ce kuma abin da nake gani a shago ya ishe ni.

Kowa kukan ɗauke wuta yake yi, amma wallahi yawancin firjin da ake kawo min wutar da aka kawo ce ta kashe su. Wutar gida ya kamata ta tsaya wajen bolt 230, to da magariba in kowa ya kunna kayansa sai ka ga fanka na juyawa da ƙyar, shi kuma kwamfuresa, wato injin da ke sa firji sanyi, in wuta ta yi ƙasa ƙara zuƙarta yake yi, ya yi ta gurnani yana ɗaukar zafi har koyil ɗinsa ya ƙone, haka injin markaɗe, haka famfon bohol.

Mutanenmu sun ɗauka da an sayi sitabilaiza shikenan. Ai shi ma yana da iyaka. Ranar da wayar nitiral, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta, ta tsinke ko ɓarayi suka yanke ta a taransifoma, wuta na iya tashi ta doshi bolt 400 a wasu gidajen, sitabilaizan ne zai fara hayaƙi. Abin da nake gaya wa kwastomomina, a sa ɗan abin nan mai yanke wuta da kansa in ta yi yawa ko ta yi kaɗan, a saita shi ya jira minti uku zuwa biyar kafin ya maido ta, don gas ɗin firji ya kwanta tukuna. Maɓallin jinkirin da ke jikin sitabilaiza ma don Allah a daina kashe shi saboda gaggawa.

Sai mu ma mu gyara, wannan ɗabi'ar ta kowa ya koma kan layin da ya fi ƙarfi cikin layuka uku da ke fitowa daga taransifoma ita ke danne layi ɗaya ta bar biyu.

Kirana ga hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki a Najeriya, tun Afrilun 2024 da aka ƙara wa 'yan Band A kuɗi, wato waɗanda aka yi wa alkawarin wutar aƙalla awa 20 a rana, maganar awannin kawai ake yi. A riƙa auna ƙarfin wutar ma a bakin taransifoma, a tilasta wa kamfanonin rarrabawa su raba nauyi daidai kan layukan uku, wanda kuma wuta ta ƙona wa kaya a biya shi.

Naku,
Mai gyaran firji, daga Kano