Yaron da ya kife hular kwanonsa a kan gurneti a Iraƙi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, dan Allah ina roƙon ɗan fili in yi magana a kan wani yaro sojan Amurka da ya mutu a yaƙin Iraƙi, sunansa Jason Dunham. Na san tun daga nan wasu za su haɗe rai su ce me ya haɗa mu da sojan mamaya, toh su yi haƙuri su karanta tukuna, ni ma ban taɓa goyon bayan yaƙin nan ba kuma har gobe ba zan goya ba. Amma labarin yaron nan ya tsaya min a rai, wallahi duk sanda na tuna sai jikina ya yi sanyi.

Ɗan wani ɗan ƙaramin gari ne da ake kira Scio a jihar New York, ba cikin birnin nan mai dogayen benaye ba, can ƙauye. An haife shi 10 ga Nuwamba 1981, ya gama sakandare a 2000, a shekarar kuma ya shiga rundunar sojojin kundumbala ta Amurka. Da farko ma gadi yake yi a wani sansanin jiragen ƙarƙashin ruwa a jihar Jojiya, sai a farkon 2004 aka tura bataliyarsu yammacin Iraƙi, yankin Al Ƙa'im dab da iyakar Siriya. Kofur ne, yana da yara 'yan kaɗan a ƙarƙashinsa. Abin da ya fi taɓa ni shi ne wa'adin aikinsa ya kusa ƙarewa, da ya so da ya tattara ya koma gida lafiya lau, amma ya sa hannu aka ƙara masa watanni saboda kawai kar ya baro yaransa a can su kaɗai.

Ranar 14 ga Afrilu 2004 suna sintiri a Karabila sai suka ji harbe-harbe, ashe kwanton ɓauna aka yi wa ayarin motocin kwamandan bataliyarsu a wajen Husaiba. Suka nufi wajen, suka tarar da jerin motoci suna ƙoƙarin barin yankin, suka tare su za su yi bincike. Yana zuwa kan wata farar Land Cruiser sai wani mutum ya diro daga ciki ya shaƙe shi, suka kama kokawa har ƙasa, yaransa biyu suka rugo za su taimaka masa, shi kuma idonsa ya riga ya kai kan hannun mutumin, ya ɗaga murya ya gargaɗe su, kafin ka ce kwabo gurneti ya faɗi ƙasa an riga an zare masa fil.

Malam Edita, gurneti ba ya ba mutum lokacin tunani, daƙiƙu ne 'yan kaɗan. Kowa a irin wannan hali tsalle yake yi gefe, kuma babu mai ganin laifinsa. Shi ko sai ya kife hular kwanonsa a kan gurnetin ya danne da jikinsa. Abin ya tashi, hular ta yi kaca-kaca har sai da aka riƙa tsintar ɓarɓashinta a ƙasa daga baya, ƙarfe ya shige masa kai. Yaran nan biyu sun ji ciwo amma sun rayu. An ce tun kafin ranar sun taɓa zama shi da abokansa suna gardama ko hular kwano za ta iya tare ƙarfin gurneti, shi yana ganin za ta iya, kenan ba ruɗewa ya yi ba, abu ne da ya riga ya ƙudurta a ransa tun kafin ranar ta zo.

Daga nan aka yi ta ɗaukarsa a jirgi, Bagadaza, Jamus, har asibitin sojan ruwa na Bethesda kusa da Washington, bai farfaɗo ba. Ranar 22 ga Afrilu, kwana 8 bayan abin, uwarsa da ubansa suna tsaye a kansa aka cire na'urar da ke riƙe da numfashinsa. Shekararsa 22. Duk mai ɗa ko ƙane sa'ansa ya san me wannan yake nufi, yaron da ko aure bai yi ba.

Toh ga inda raina yake ɓaci. A kan me aka kai shi can? An fara yaƙin a Maris 2003 da cewa wai Saddam yana da makaman ƙare dangi, sakataren harkokin wajen Amurka na lokacin, Colin Powell, ya je gaban Majalisar Ɗinkin Duniya ya yi ta bayani da hotuna, aka shiga ƙasa aka birkice ta aka duba ko'ina ba a samu komai ba. Sojojin Amurka kusan 4,500 suka mutu, fararen hula 'yan Iraƙi kuwa sun haura 100,000 ko a ƙididdigar da ta fi taka-tsantsan. A watan da Jason ya mutu ake ruwan wuta a Falluja, kuma ko sati ba a yi da mutuwarsa ba hotunan ƙazantar da aka yi wa fursunoni a gidan yarin Abu Ghraib suka fito duniya ta gani. Duk wannan gaskiya ne kuma ba zan ɓoye shi don ina yabon yaro ɗaya ba. Shi ma mutumin da ya saki gurnetin an harbe shi a wajen, a ƙasarsa yake, yana da uwa shi ma, kuma babu wanda zai sa sunansa a jikin jirgin ruwa kamar yadda aka yi wa Jason.

Amma Jason ba shi ya shirya yaƙin ba, manya ne suka zauna a ofis mai sanyi suka yanke, 'ya'yan talakawa suka biya da jininsu ta kowane ɓangare. Abin da ke hannunsa kawai shi ne waɗannan daƙiƙun, kuma a cikinsu ya zaɓi ran abokansa sama da nasa. Wannan namijin duniya ne ko daga wace ƙasa ya fito, kuma ba na jin faɗin haka ya rage min komai a tausayin da nake wa mutanen Iraƙi.

Ranar 11 ga Janairu 2007 Shugaba Bush ya kira iyayensa Fadar White House ya miƙa musu Medal of Honor, lambar yabo mafi girma ta sojan Amurka, shi ne na farko a rundunarsu da ya same ta tun bayan yaƙin Biyetnam. Abin takaici, a daren jiyan ranar wannan Bush ɗin ya fito a talabijin ya sanar da tura ƙarin sojoji sama da 20,000 zuwa Iraƙi. Ka ba uwa ƙarfe ta rataye a bango alhali ka riga ka sa hannu a kwashi 'ya'yan wasu uwayen, gaskiya wannan abin yana ci min rai. Daga baya sun sa wa wani jirgin ruwan yaƙi sunansa, ya fara aiki a 2010, gidan wayar garinsu kuwa tun kafin lambar yabon aka sa masa sunansa. Ko ba komai dai sun riƙe sunan, yaran garin za su taso su tambaya waye shi.

Shi ya sa nake roƙonka Malam Edita, idan za ku buga labarin yaƙi ko na ina ne ku daure ku nemo sunaye. An kashe soja kaza, an kashe mutum kaza, shi kenan a wuce, kamar ana ƙirga buhunan masara. Ko a nan gida, mun san Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali da aka kashe a Malam Fatori a Nuwamba 2016 kuma ya cancanci a san shi, Allah ya jiƙansa, amma ƙananan sojojin da suke faɗuwa a Borno da Zamfara fa, mu nawa ne za mu iya kiran sunan ko ɗaya? A faɗa mana ɗan wane gari ne, shekararsa nawa, wa ya bari. Haka su ma mutanen gari da ake kashewa a tsakiya, a Iraƙi ne ko a wajenmu. Ku buɗe ko ɗan gefen shafi ne sau ɗaya a sati, iyalai da abokan aiki za su turo muku, na tabbata.

Iyayen Jason kuma, da duk iyayen da suka binne 'ya'yansu a yaƙin nan daga Basra har Mosul, Allah ya ba su haƙuri.

Na gode da filin da ka ba ni.

Naka,
Wani mai karatu daga Zariya