Wasiƙa daga Tudun Wada

Mutumina,

Salamu alaikum. Ya sanyin can? Shirun nan ya yi yawa, kuma ko a gaban alƙali kai ka fara shi.

Albishirinka! Lissafin da nake ta fama da shi a kwamfuta ya fara magana. Kai da ka ce na bar aikin kirki na koma kiwon ƙwayoyin cuta a allo, to saurara. A cikin ƙwayar E. coli, ribosom, wato injin da ke ƙera furotin, in ya kama hanya yana jera tubalan furotin, amino asid, wajen 20 a daƙiƙa guda. Wahalar tana wajen hawa saƙon da yake karantawa, wato mRNA. Dole ƙaramin ɓangarensa, 30S, ya lalubo wasu 'yan haruffa, AGGAGG, da ke gaf da AUG, alamar farawa, waɗanda masana Shine da Dalgarno suka bayyana a 1974 can Ostareliya, sannan babban, 50S, ya zo ya haɗe. In mRNA ya naɗe kansa ya ɓoye wurin, ribosom ba ya samun matsuguni, furotin sai ɗan tsiyaye. Na sa kwamfuta ta sauya haruffa kaɗan a wajen, furotin ɗin kansa ban taɓa shi ba, naɗin ya warware, yawan abin da ake ƙerawa ya tashi. Wallahi ihu na yi, har maigadi ya leƙo.

Sai dai in ƙofa ta buɗe da yawa, ribosom ɗin kan yi layi a bayan kodon (haruffa uku masu nuna amino asid ɗaya) da ba a cika amfani da shi ba, kamar cunkoson Kawo da yamma. Nan nake yanzu. Malamina bai yi ko murmushi ba, ya ce sai ƙwayar ta gaskata ni a ɗakin gwaji. Ka san shi.

Goggo kuwa kullum tambayarta ko aikin nan na maganin taifot. Na ce mata tetirasaikilin da take saye 30S ɗin nan yake kamawa ya tsayar da aikin ƙwayar. Ta ce to in buɗe kemis mana, in huta.

Af, an sa ranar ƙanwarka bayan Sallah, kuma wanda muke zato ne. Angon ya yi tumbi tun yanzu. Akwai abin da na so tambayarka, ya shige min. In ka shigo ta jirgin ƙasa, ka kira ni tun daga Abuja, zan jira ka a Rigasa. Ka taho min da batirin laftof, nawa ko awa ɗaya ba ya yi in an ɗauke wuta.

Gaida madam da yara.

Naka,
Na Tudun Wada